Miya Ba Nama: A Abuja Gayu, A Kano Abin Ɓoyewa

Akwai wata raha da ke yawo kwanakin nan a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai ma'aikacin gwamnati ya shiga ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ba tare da ya cike fom ba. Ana dariya ana turawa gaba. Ni ma na dara, don na san har da ni ake. Amma a ƙarƙashin rahar akwai magana babba, ita nake so mu ɗan taɓa yau. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya natsu.

Kowa ya san inda aka faro. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Wata biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka na tsawon watanni, alhali dabbobi da yawa da muke yankawa daga can suke shigowa. Kafin wannan ma ɓarayin shanu sun riga sun kassara kiwo a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, mu a Kano aka ɗora mana dubu ɗaya a kai. Duk magidancin da ke zuwa cefane da kansa ya san iya inda wannan kuɗin ke kaiwa. Idan ka sayi hatsi, ka biya kuɗin makaranta, ka zuba mai a babur, lokacin da za ka iso teburin mahauci sai dai ku gaisa.

To, ana cikin wannan hali aiki ya kai ni Abuja, wani taron ƙara wa juna sani na kwana huɗu. Ranar Asabar wani abokina da muka yi jami'a tare ya ce in zo ya kai ni wajen baje kolin abinci da ake yi a wani lambun shaƙatawa. Rumfuna ne reras, kiɗa na tashi, matasa sai ɗaukar hoto suke. Masu gashi da masu shawarma sun fi yawa, amma can gefe akwai rumfuna uku ko huɗu da suka kafa allo cewa abincinsu babu nama, babu ƙwai, babu madara. Layin da ke gabansu bai gaza na masu tsire ba. Na ce bari dai in leƙa, gani ya kori ji.

Jama'a, awara na tarar. An yanka ta ƙanana, an soya, an zuba mata jajjage, an ɗora a wani farantin katako. Kusa da ita ga ganyen zogale an kwaɗa da gyaɗa, an yayyafa riɗi a sama. Ga kunun aya a kwalba mai ɗauke da tambari, ga zoɓo da citta. Duk an ba su sunayen Turanci masu tsawo. Kuɗin faranti ɗaya na awarar nan, wallahi zai saya maka kwanon waken suya a Dawanau har a ba ka canji. Na tambayi yarinyar da ke rumfar, na ce, “Ƙanwata, wannan ba awara ba ce?” Ta yi dariya ta ce, “Ita ce, Baba. Ai idan na rubuta awara ba za su biya haka ba.” Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ta karanci kasuwarta, ta tsaftace kayanta, ta yi masa ado, Allah Ya ba ta sa'a.

Ga wanda bai san su waye masu cin irin wannan abinci ba, kashi biyu ne. Akwai waɗanda nama da kifi kawai suka bari, amma suna shan nono, wasunsu suna cin ƙwai. Ƙungiyarsu ta farko a Ingila tun 1847 aka kafa ta. Akwai kuma masu tsanani, waɗanda duk abin da ya fito daga jikin dabba ba sa ci, har nono da man shanu da zuma. Wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa tasu ƙungiyar a 1944, kuma duk ranar 1 ga Nuwamba suke bikin ranarsu. Dalilansu sun bambanta. Wani lafiya ce ta sa shi, wani tausayin dabba, wani kuma kare muhalli. A Indiya miliyoyin mutane addini da al'ada ne suka raba su da nama tun kaka da kakanni. A Habasha mabiya cocin Orthodox suna shafe kwanaki masu yawa a shekara suna azumin da ba a cin komai na dabba, shi ya sa gidajen abincin Addis Ababa suka gwanance da girkin wake da ganye. A nan gida ma, tun 2013 aka buɗe wani gidan abinci a Legas mai suna Veggie Victory, wanda ba a dafa nama a cikinsa sam.

Kafin wani ya hau ni a sashen sharhi, bari in faɗa a sarari. Ni Musulmi ne, nama halal ne, ina layya idan Allah Ya hore, kuma idan aka ajiye balangu a gabana ba zan kawar da kai ba. Ba ni da hurumin haramta wa kowa abin da Allah Ya halatta. Mahauta da makiyaya da dillalan kara 'yan'uwanmu ne, da wannan sana'a suke riƙe gidajensu. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: abincin da wasu ke bin layi suna biyan kuɗi mai yawa su ci don gayu, shi ne mu muke ci a ɓoye muna jin kunya.

Ku zo mu zaga Kano daga asuba zuwa dare, ku gani ko akwai birnin da ya fi ta abincin da ba nama. Da sassafe mai ƙosai ta riga ta ɗora kasko a bakin layi, ga mai koko a gefenta. Wake ne da albasa da attaruhu, sai gero da citta da kanumfari. Wajen ƙarfe goma masu ɗan wake sun fito, garin wake da na rogo, kuka da kanwa, a zuba mai da yaji. Da rana ga garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, wanda ya samu hali ya yanka tumatir da latas a kai. Ga alale, ga tubani, ga dambu da zogale, ga faten tsaki da yakuwa, ga faten wake da alayyahu. Da la'asar 'yan mata sun jera da robobin awara, masu kwaɗon rama da zogale da tafasa suna zagawa. A cikin gari akwai unguwa guda da gurasa ta ba ta suna, Chediyar 'Yan Gurasa, kuma bandashe ba ya neman komai sai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Da daddare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, daddawa ta ji. Idan ana sha'ani, waina da miyar taushe, kabewa da gyaɗa sun isa su ɗaure ta ko da ba a jefa ƙashi ba. Ga kunun gyaɗa, ga gurjiya dafaffiya, ga rogo da ƙuli. Wanda bai bar nono ba kuma, fura tana jiran sa.

Wannan girki har ya ƙetare iyaka. Abincin da mutanen Ghana ke alfahari da shi, wanda suke kira waakye, sunansa daga kalmarmu ta wake ya samo asali, kuma a zangon Hausawa ya yi ƙarfi. Ƙosai ma da kusan sunansa suke kiran sa. A Yamai dambu da kwaɗon zogale abinci ne na fita kunya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata. Muna zaune a kan wannan arziki muna kukan babu, kamar kazar nan da rashin sani ya sa ta kwana a kan dami.

Ina aka samu matsala? A cikin kawunanmu. Mun ɗauki tsokar nama mun mai da ita ma'aunin mutunci. Idan baƙo ya zo aka ba shi tuwo babu nama, uwargida sai ta yi ta ba da haƙuri kamar ta yi laifi. Idan aka je biki, ba a tambayar ko abincin ya yi daɗi, tsoka nawa aka samu ake ƙirgawa. Akwai wani abokin aikina, ba zan kama suna ba, da ya ci bashin kuɗi da ruwa don kawai surukansa za su kwana biyu a gidansa, yana tsoron a koma a ce 'yarsu tana shan miya lami. Wata uku yana biya. Akwai wata baiwar Allah a ofishinmu da ke rufe ƙofa idan za ta ci ɗan waken da ta zo da shi daga gida, kada a gani a ce abin ya kai haka. Ranar da na ce mata, “Hajiya, a san mini mana,” sai da ta dube ni ta ga ko zolaya nake. Cikin minti biyar mu huɗu muka cinye kwanon.

Har ga yara abin ya kai. Wata rana ƙaramar 'yata ta dawo daga makaranta da alalenta ba ta taɓa ba, wai 'yan ajinsu sun ce abincin 'yan ƙauye ne. Su me suke zuwa da shi? Taliyar leda da biskit da lemon kwalba. A ce yarinya ta ji kunyar wake, abin da zai gina mata jiki, ta yi sha'awar gari da sukari da gishiri. Wannan ba daga makaranta ya faro ba, daga bakin manya suka ji.

Alhali iyayenmu ba haka suka tashi ba. Ni a gidanmu, lokacin muna yara, nama sai ranar Juma'a ko ranar kasuwa, shi ma ɗan yanki ne ake raba mana a tafin hannu. Sauran kwanaki daddawa ce da busasshen kifi idan an samu. Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, har gobe idan aka kai mata miyar da nama ya yi yawa sai ta ce, “Wannan kuma ina miyar take?” Da wannan abincin suka yi noma, suka yi daka, suka yi tafiyar ƙasa.

Kuma ilimin zamani bai ƙaryata su ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, wato furotin. Waken suya da ake awara da shi ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ƙuli-ƙuli, tunda an matse mansa, abin da ya rage mafi yawa furotin ne. Masana abinci sun ce akwai wani ɓangare na furotin da hatsi ke da ƙarancinsa amma wake na da shi, akwai kuma wanda wake ke da ƙaranci hatsi ya cike. Ke nan shinkafa da wake, koko da ƙosai, dambu da gyaɗa, duk haɗi ne da ya dace, kuma kakanninmu sun gano shi ba tare da ɗakin gwaji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum. Mu nawa ne muke kaiwa rabin haka, alhali ga kasuwar Yankaba cike da kayan lambu, ga 'Yan Lemo? A 2015 sashen binciken cutar daji na hukumar ya sa naman da aka sarrafa, irin su tsiran Turawa da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, ya ce jan nama ma akwai yiwuwar haka. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti kan hawan jini ko ciwon suga ya san abin da likita ke fara cewa: a rage maiƙo da gishiri, a ƙara ganye.

Sai dai fa kada daɗin magana ya kwashe mu. Akwai bambanci babba tsakanin wanda ya bar nama yana da kuɗin saye da wanda nama ya bar shi. Wancan na rumfar Abuja yana da zaɓi. Zai ci awara yau, gobe ya sayi 'ya'yan itace kala biyar, ya haɗa da ƙwayoyin bitamin daga kantin magani. Talakan da ke Rimin Kebe ko Kurna ba ya cin wake da ganye iri-iri, tuwo ne da miyar da ruwa ya fi yawa, safe da dare, shi ma idan an samu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Fiye da rabin matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wanda zai tsaya gaban waɗannan ya ce musu rashin nama ci gaba ne, ya yi musu izgili. Waken ma da muke yabo, akwai lokacin da farashinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Don haka kada wani jami'i ya ɗauki rubutuna ya ce to ai ga mafita, talaka ya koma cin ganye. Haƙƙin gwamnati na nan a wuyanta: tsaro a dazuka don makiyayi da manomi su koma bakin aiki, hanya mai kyau, da albashin da zai kai ƙarshen wata. An ƙirƙiro ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya a 2024, muna jira mu ga tasirinta a teburin mahauci.

Akwai kuma abubuwan lura ga duk gidan da nama ya yi ƙaranci. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a samun sa a wake ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba. Saboda haka ƙananan yara da masu juna biyu da masu shayarwa kada a raba su da ƙwai, ko nono, ko ɗan kifi, ko hanta lokaci zuwa lokaci. Idan kuɗin nama kaɗan ne, su ya kamata a fara ba, maimakon a tara wa maigida a kwano kamar yadda aka saba. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye ya fi shiga jiki idan an haɗa da lemon tsami ko ɗanyen tumatir, shayi kuma yana rage shigarsa idan an sha a kan abincin. Awara da ƙosai suna da kyau, amma man da aka yi kwana uku ana suya da shi har ya yi baƙi ba alheri ba ne. Ganyen kwaɗo da latas a wanke su da ruwa mai tsafta, don mun san irin ruwan da ake ban-ruwa da shi a wasu lambunan cikin gari. Sannan ga maganin ƙwari da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake a rumbu. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Su sun ƙi, mu muna ci. Akwai buhuna masu leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, ya kamata su zama ruwan dare a Dawanau.

To me nake so a yi? Abu uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko a gida yake. Mu daina ba baƙo haƙuri don an kawo masa faten wake. A gyara shi, a zuba a kwano mai kyau, a ajiye da fara'a. Maigida ya daina ɓata rai idan bai ga tsoka ba, don yara fuskarsa suke karantawa. Idan Baba ya ci dambu yana santi, babu ɗan ajin da zai sa yarinya ta ji kunyarsa.

Na biyu ga masu shirya taro da biki, har da mu a ma'aikatu. Duk taron da aka yi, shinkafa ce da cinyar kaza a roba, kuɗi mai yawa, rabi a zubar. Me zai hana a ba matan unguwa kwangilar alale da dambu da kunun gyaɗa? Kuɗin zai ragu, kuma zai shiga hannun waɗanda ke ciyar da marayu da shi.

Na uku, Kano ta cancanci bikin abincinta na kanta. Duk shekara ana baje koli na ƙasa da ƙasa a filin da ke titin gidan Zoo. Ko a ware rana ɗaya a cikinsa, ko a samu wani fili a cikin gari, a tara gwanayen ɗan wake da awara da gurasa da kwaɗo daga unguwanni, a yi gasa, a ba da kyauta. Ɗaliban sashen abinci na Jami'ar Bayero su zo su yi wa mutane bayani da Hausa, jami'an lafiya su koyar da tsafta da adana kaya. Sharaɗi ɗaya kawai: kuɗin rumfa ya zama wanda mai awarar bakin layi za ta iya biya, kuma kowane abinci a kira shi da sunansa na gado. Idan ba haka ba, za mu wayi gari wasu sun ɗauki girkin iyayenmu sun sa masa sabon suna, 'ya'yanmu suna bin layi suna saye da tsada, matan da suka riƙe sana'ar shekara da shekaru kuma suna waje suna leƙe.

Yanzu saura ku. Wane abinci ne ba nama da ake yi a gidanku ko garinku wanda ban ambata ba? Mutanen Zariya da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, na san kuna da naku. A rubuta sunansa da yadda ake haɗa shi a ƙasa, wataƙila wata uwargida da ke tunanin abin da za ta ɗora gobe ta amfana.

Allah Ya yalwata mana, Ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, Ya kawo mana sauƙin wannan rayuwa.